Ragon Iya: manhajar da na zaɓa don rubuta wasan labari da Hausa

Ni malamin Hausa ne a ƙaramar sakandare, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Gumel zuwa Maigatari. Tun bayan ƙaramar Sallar bara nake kan wani aiki da mutanen gidanmu suka daɗe ba su gane kansa ba: rubuta wasan da za a buga a waya, wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa, rubutu ne zalla. Labarin ba shi da wani tsawo. Iya ta yi wata tara tana kiwon ragonta, uda ne, gaba baƙi baya fari, ba ta raba shi da dusa da harawa. Ɗakinta ya fara yoyo, sai ta tashi jikanta ya kai ragon kara ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci. Mai buga wasan shi ne jikan. Shi zai zaɓi hanyar da zai bi, da dillalin da zai miƙa wa igiya, da inda zai ce albarka, da inda zai sallama. Yana iya dawowa da kuɗin kwanon rufi har da canji, yana iya dawowa da ragon, yana kuma iya dawowa hannu Rabbana.

Labarin ya daɗe a kaina. Abin da ya ci mini wata huɗu shi ne neman manhajar da zan rubuta shi da ita. Shida na gwada, biyu daga ciki na zauna a kansu sosai. Na ga bai kamata wani ya sake ɓata wata huɗun nan ba alhali ga ni na riga na taka hanyar.

Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse ne ya fara nuna mini irin wannan wasa. Ya zo hutu, ya buɗe mini wani daɗaɗɗen wasa mai suna Adventure, wanda Will Crowther ya rubuta a Amurka wajen 1976 bisa wani kogo na gaske da ya saba shiga a jihar Kentaki, Don Woods kuma ya faɗaɗa shi a 1977. Kwamfuta ta gaya maka inda kake da abin da ke gabanka, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi da kalma ɗaya ko biyu, ta ba ka amsa. Daga shi ne wasu matasa a jami'ar MIT ta Amurka suka yi wasan Zork, suka kafa kamfanin Infocom a 1979. Yau sana'ar ta rabu gida biyu. Akwai wasan da mai bugawa ke rubuta umarni da hannunsa, kamar na Crowther. Akwai kuma wanda ake jera masa zaɓi biyu ko uku ya taɓa ɗaya. Duk wanda zai zaɓi manhaja, tsakanin gidajen nan biyu yake zaɓa, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai na faɗi halin da nake ciki, don da shi na auna komai. Kwamfutata ta cinya ce, ta hannu na saya a Kano, batirinta ba ya wuce awa biyu. A rumfar mai sola nake caji, kusa da teburin mai shayi. Intanet sai na hau tudun bayan makaranta, shi ma da sassafe ya fi kamawa. Masu buga wasan kuwa ɗalibaina ne, 'yan shekara 12 zuwa 15, kuma da wuya ka samu mai wayar kansa a cikinsu. Ta yaya ce ko ta baba, ƙaramar Android, a ara musu rabin awa bayan isha'i. Fayil a nan ba a sauko da shi daga intanet, ta Xender yake yawo daga waya zuwa waya, yadda wa'azi da bidiyon biki ke yawo.

Da Inform na fara, kuma har gobe ita ce a raina. Graham Nelson, wani masanin lissafi ɗan Ingila, ya fito da ita a 1993. Wadda ake yayi yanzu, Inform 7, ta fito a 2006, a 2022 kuma aka buɗe asalin gininta ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Kyauta ce, kuma da zarar ka sauke ta ba ta ƙara neman intanet. Abin da ya bambanta ta da kowace shi ne da jimlolin Turanci ake ba ta umarni, irin waɗanda ɗan sakandare zai karanta ya gane. Ga layin farko da na rubuta:

The Zaure is a room. The Tsakar Gida is east of the Zaure. The igiya is in the Zaure.

Na danna maɓalli, sai ga ni tsaye a zauren Iya, ga igiya, in na yi gabas in faɗa tsakar gida, in na yi yamma in dawo. Ban gaya mata hanyar dawowa ba, ita ta san cewa in tsakar gida na gabas da zaure, to zaure na yamma da tsakar gida. Ta san abin da ke cikin randa a rufe ba a ganinsa. Ta san ba a ɗaukar abin da ke hannu. Ta san ɗaki mai duhu sai da fitila. A zama uku na gina gidan Iya kaf, da turke, da rumbu, da rijiyar bakin hanya, na kuma koya wa ragon bin duk wanda ke riƙe da igiyarsa. Daren da ya fara bi na daga turke zuwa zaure, batiri ya mutu ina zaune cikin duhu ina murna. Wannan daɗin ban same shi a wata manhaja ba, kuma ina so a san haka kafin in faɗi dalilin da ya sa na ajiye ta.

Ranar wata Asabar na miƙa kwamfutar ga wata ɗalibata 'yar aji biyu, wadda ta fi kowa karatun Hausa a ajin. Ta karanta bayanin zaure, ta rubuta: dauki igiyar. Amsa ta fito da Turanci cewa ba a san wannan aikatau ba. Ta ɗago ta dube ni. Na ce, "Bari in gyara." Gyaran nan ne ya kai ni sati shida.

Inform na da hanyar koya mata sababbin kalmomi, ka ce mata kalma kaza daidai take da aiki kaza. Da farko na ɗauka jerin fassara ne kawai, gabas, yamma, kudu, arewa, shiga, fita, duba. Ashe aikatau na Hausa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Muna cewa ɗauki igiya, amma ɗauke ta, amma ɗauka kawai in ba a ambaci abin ba, ga kuma ɗauko. Haka sayi, saye, saya, sayo. Haka tambayi, tambaye, tambaya. Shayar da rago kaɗai, yara biyar sun rubuta shi ta hanya biyar: ba rago ruwa, bai wa rago ruwa, ba shi ruwa, shayar da shi, kai shi rijiya. Suna ma ba ya zama lafiya. Na rubuta igiya, yaro zai rubuta igiyar, don an riga an ambace ta, kuma shi ne daidai. Rago ya koma ragon, randa ta koma randar. Kowane abu a wasan sai na yi masa suna biyu. Da ya zo lamiri kuwa, Turanci na da kalma guda ga duk abin da ba mutum ba, mu kuwa igiya ita ce, turke shi ne, kuma "kwance ta" da "kwance shi" abu biyu ne mabambanta idan rago da igiyarsa na gabanka.

Duk waɗannan aiki ne mai yawa, amma ana gamawa. Biyu ne suka tsaya mini a wuya. Na farko kalmar "da". A "ɗauki igiya da sanda" abu biyu za ka ɗauka. A "ɗaure rago da igiya" abu ɗaya za ka ɗaure, ɗayan da shi za ka yi ɗaurin. Turanci ya raba su da kalma biyu, kuma kunnen Inform a kan wannan rabuwar aka gina shi. Bahaushe na jin bambancin tun yana goye, na'ura kuwa sai ka bi aikatau ɗaya bayan ɗaya kana gaya mata wace "da" ce ke bin wanne.

Na biyu haruffa masu lanƙwasa. A rubutun da wasan ke nunawa, ƙ da ɗ da ɓ sun fito lafiya. Amma yaran ba sa rubuta su, domin allon rubutun wayar da aka ara musu ba shi da su, ko yana da su ba su san inda suke ba. To wasana a kara ake yin sa, kuma babban abin da ake cewa a ciniki shi ne a ƙara. Yaro ya rubuta "kara": kasuwar dabbobi yake son zuwa, ko so yake mai saye ya ƙara kuɗi, ko karan dawa yake nema ya kaɗa ragon? "Duba baki": bakin rago zai buɗa, ko baƙin da suka tsallako daga Nijar zai kalla? Ƙari a kan haka, allon wayar na gyara kalmomin Hausa da kansa ya mai da su na Turanci kafin yaro ya aika.

Akwai wani ƙaramin abu da duk mai rubuta Hausa a Inform zai ci karo da shi tun ranar farko. A cikin rubutun labari, idan ta ga waƙafin sama a farko ko ƙarshen kalma, ɗauka take magana ce aka buɗe, sai ta mai da shi alamar zance mai ƙafa biyu. An yi haka ne don sauƙaƙa wa mai rubuta Turanci, kuma an bayyana shi a jagorar manhajar. Mu kuwa 'yar, 'yan, 'ya'ya duk da shi suke farawa. Maganinsa ka riƙa rubuta ['] a duk inda kake son waƙafin na gaske. Yana aiki, sai dai a labarin da 'yan kamasho da 'yan kallo suka cika, hannu na gajiya.

Sai saƙonnin da manhajar ke bayarwa da kanta, irin su ba ka ga wannan abu a nan ba, ko wannan ba ya buɗuwa. Ɗaruruwa ne. Ana iya sauya kowanne, na kuma sauya kusan sittin kafin in tsaya in yi wa kaina lissafi. Faransawa sun mayar da Inform harshensu, Jamusawa da Italiyawa da masu Sifaniyanci ma haka, wato ƙofar a buɗe take. Amma su jama'a ne, sun yi shekaru suna karɓa-karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko da na gama, abin da take fitarwa don bugawa a burauza jaka ce mai fayiloli da dama, kuma yaro mai rabin awa a wayar yayansa zai ƙare lokacinsa wajen neman harafi.

TADS ban daɗe a kanta ba. Michael Roberts ya fito da ita a 1988, ta uku ta zo a 2006, kuma ƙanena da ya duba ya ce ginin duniyarta ya kai na Inform ko ya fi. Sai dai rubutunta na masu shirya manhaja ne, baka-baka da alamomi, kuma duk matsalolin Hausa da na lissafa suna nan suna jira. Wanda ya karanci kwamfuta zai ji daɗinta. Quest ta Alex Warren, wadda ta faro tun 1998, ta fi sauƙin shiga, don ɗaki da kaya ta akwatunan cikewa ake ƙirƙirarsu. Amma ita ma a kan Turanci kunnenta yake, ta cikin burauza kuma sai da intanet. Kwana biyu na ba ta na wuce.

Daga nan na tsallaka gida na biyu, na zaɓi, zuciyata ba ta so.

ChoiceScript ta kamfanin Choice of Games ce, wanda aka kafa a 2009. Ko Notepad ya ishe ka rubuta ta, kuma tana zuwa da shafin da ke nuna halin ɗan wasa, irin su nawa ke aljihunsa da yadda ake ganin girmansa. Na ga amfanin wannan ga ciniki. Tana da tsanani a kan tazarar farkon layi, fili ɗaya ya ƙaru ko ya ragu sai ta tsaya. Maɓallan da take zuwa da su na Turanci ne, sauya su sai an shiga hanjinta. Kuma sharaɗinta shi ne kyauta ce ga wanda ba sayarwa zai yi ba, mai son sayarwa sai ya yi yarjejeniya da kamfanin. Ba ni da niyyar sayarwa yau, amma ban so in ɗaure kaina a kan abin da ban san gobensa ba.

Ita kuwa ink ta kusa raba ni da shawarata. Kamfanin inkle na birnin Kambirij a Ingila ne ya yi ta don wasanninsa, ya sake ta ga kowa a 2016. Manhajar rubuta ta, Inky, ta raba fuska biyu, kana rubutu a hagu wasan na gudana a dama. A hira babu kamarta. Zaɓin da aka fara da tauraro sau ɗaya ake taɓa shi ya ɓace, wanda aka fara da alamar tarawa yana nan ko sau nawa. Wato "Albarka" na iya zama daram, yaro ya yi ta maimaitawa, mai saye na ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya gaji ya juya. A awa ɗaya na rubuta cinikin da ya fi na kowace manhaja rai. Da na fitar da shi don burauza sai ta ba ni jaka mai fayiloli kusan biyar, dole su zauna tare. A Xender suka watse, wani ya karɓi ɗaya ya bar saura, ya buɗe ya ga farin shafi. Ƙanena ya ce ana iya ɗinke su wuri guda da hannu. Gaskiya ne, amma yana Dutse, ni kuma ina gyara wasan kusan kowane mako.

Twine ce ta rage, kuma da ita na gama. Chris Klimas, Ba'amurke, ya fito da ita a 2009, ta biyu ta zo a 2014, yanzu kuma tana ƙarƙashin kulawar IFTF, wata gidauniya ta masu wannan sana'a da aka kafa a 2016. Kyauta ce, abin da ka rubuta naka ne, ka ba da ko ka sayar. In ka buɗe ta fili za ka gani kamar takardar zane. Kowane zango na labari akwati ne, kibiyoyi na nuna wanne ke kaiwa ga wanne. Mahaɗi kuwa kalma ce kawai ka sa a tsakanin baka biyu-biyu. Akwatina na farko layi ɗaya ne, "Ga ta nan, ga ta nanku", a ƙarƙashinsa kuma:

[[Ta zo mu ji ta]]

Ban taɓa bayyana wa ko yaro ɗaya abin da zai yi a wannan shafi ba. Suna gani suke taɓawa.

Babban dalilina shi ne abin da take fitarwa: fayil guda na HTML, labari da injinsa duk a ciki. Nawa bai kai megabait ɗaya ba. Yana bi ta Xender, yana bi ta WhatsApp a matsayin takarda, yana buɗewa ba data. Abin da kawai nake gaya wa mutane shi ne in waya ta tambaya da me za a buɗe, a zaɓi Chrome. Matsalar kara da ƙara ta mutu, tunda ni ke rubuta zaɓin da lanƙwasarsa, yaro taɓawa kawai zai yi. 'Yan da 'yar sun zauna yadda na rubuta su.

A cikin Twine akwai salo huɗu da za ka zaɓa: Harlowe, SugarCube, Chapbook da Snowman. Harlowe ce ke zuwa a buɗe, da ita na zauna. Baƙin shafi da farin rubutu take bayarwa, wanda da rana a gindin darbejiya ba ya karantuwa, sai na mai da shi fari na ƙara girman harafi. SugarCube na zuwa da maɓallin adana inda aka tsaya a gefe, don haka mai dogon labari ya fara duba ta. Nawa ana gama shi cikin minti ashirin. Shawarata ka zaɓi ɗaya tun farko ka tsaya a kanta, domin umarninsu ba iri ɗaya ba ne, kuma rabin ruɗanin da na shiga daga karanta bayanin wata ina aiki da wata ne.

Ɗalibar nan tawa ce ta sake tsayar da ni. Ta karanta "Kana tsaye a bakin zaure", ta ce, "Malam, ni fa ba ka ba ce." Turanci ba ya bambanta mace da namiji in ana magana da mutum, shi ya sa babu manhajar da ta tanadi wannan. Twine na da ma'aji, kalmar da ke farawa da alamar dala, ka zuba mata abu sau ɗaya ta riƙa fito da shi duk inda ka kira ta. Sai na sa tambaya a farkon wasa, jikan Iya mace ce ko namiji, na cika ma'ajai: kana da kina, kake da kike, kai da ke, maka da miki, naka da naki. Ga dabarar da na gano bayan na yi kuskure: sa wa ma'ajin sunan siffar mace. Dalili, "ka" ɗaya ta namiji uku ce a wajen mace. Ka tafi, kin tafi. Ka tafi mana, ki tafi mana. Da ka tafi, da kika tafi. In ka rubuta $kin da $ki da $kika ba za ka ruɗe ba, in kuwa da ta namiji ka fara, sai ka bi jimla-jimla kana warwarewa.

Da na kai mata gyaran ta buga, ta ce, "Malam, ai Iya ba za ta bar ni in shiga tsakiyar kara ni kaɗai ba. Sai dai in bi Gwaggo, mu tsaya daga gefe, a kira mana dillali." Gaskiyarta. Wannan maganar ta haifi reshe guda na akwati talatin, inda mai wasa ba ta ganin cinikin da idonta, sai abin da dillali ya dawo ya faɗa, ita kuma ta auna ko ta yarda. Yaran maza ma yanzu sun fi son wannan reshen, sun ce ya fi wuya.

Gwajin da ya tabbatar mini ban yi zaɓen tumun dare ba a majalisar ƙofar gidanmu aka yi shi. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana dillancin dabbobi kafin ƙafa ta hana shi. Ba ya karanta boko, sai na riƙa karanta masa, shi yana zaɓa, sauran 'yan majalisa na sa baki. Da muka iso wajen ciniki ya ɗaga hannu. "Malam, tsaya. Wa ya gaya maka ana taya rago ba a buɗa bakinsa an ga haƙora ba? Ba a taɓa gadon bayansa ba? Kuma yaron nan naka bai yi maganar la'ada ba ya saki igiya. An cuce shi tun kafin a fara." Na ce, "Baba, to yaya ya kamata?" Ya yi mini bayani tiryan-tiryan, har da yadda mai saye ke kushe dabba yana sonta, da yadda ake gane wanda ya zo saye da wanda ya zo jin farashi. A daren na ja akwatuna gefe, na cusa sababbi bakwai a tsakani, na ɗaura kibiyoyi. Washegari bayan magariba na karanta masa, ya ce, "Yanzu ka zo kasuwa." Da a ce sai na jira wani ya zo daga Dutse, da maganar ta huce.

Akwai inda za ka yi hattara. Twine iri biyu ce, ta cikin burauza da wadda ake saukewa a kwamfuta. Ta burauza a cikin ma'ajiyar burauzar take adana aikinka, kuma tana faɗa maka haka ranar da ka fara buɗe ta. Na kai kwamfutata wajen wani mai gyara a cikin gari saboda nauyi, ya share tarkacen burauza, aikin kwana goma sha ɗaya ya bi ruwa. Sauke ta kwamfuta, ita tana ajiye labaranka a jakar takardunka, kuma duk ranar da ka yi aiki ka kwafa a filashi. Wani abin daɗi, fayil ɗin da ka raba wa mutane ana iya mai da shi cikin Twine ya buɗe da akwatunansa, don haka kowace waya da wasan ya shiga ta zama ma'ajiya. Abu na biyu, da ka rubuta sabon mahaɗi take ƙirƙirar masa akwati. Ka rubuta "ƙofar gida" a nan, "kofar gida" a can, ka samu akwati biyu, ɗaya fanko. Sunayen akwatuna yanzu da ƙananan haruffa nake yin su, ba lanƙwasa, abin da mai wasa zai gani kuma in rubuta shi daidai: [[Ƙofar gida->kofar gida]]. Na uku, da akwatunana suka haura ɗari da arba'in kibiyoyi suka zama saƙar gizo-gizo, sai da na ware hanya gefe, kasuwa gefe, dawowa gefe.

Abin da na rasa kuwa ina jin sa har yanzu. Wani yaro ɗan aji ɗaya ya iso rijiyar bakin hanya, ya ga zaɓi biyu, wucewa ko hutawa. Ya ce, "Malam, ragon fa? Tun safe bai sha ruwa ba." Babu abin taɓawa. A gidan Iya na Inform da ya rubuta abin da ke ransa, guga na nan, ruwa na nan, ragon na nan, kuma da duniyar ta amsa masa ko da ban hango ba. A Twine abin da na hango kaɗai ake iya yi. Na ƙara masa shayarwa, na sa ragon da ya sha ruwa ya fi kyan gani a kara. Amma na san akwai yara da yawa da suka yi tunanin wani abu, ba su ga wurinsa ba, suka yi shiru suka taɓa abin da aka ba su.

Don haka ga wanda ya tambaye ni: in da Hausa za ka rubuta, masu bugawa kuma a waya suke, ɗauki Twine ta kwamfuta ka fara yau. In labarinka hira ce zalla kuma kana da mai ɗinke maka fayiloli a kusa, ink ta fi daɗin hannu. In da Turanci za ka yi, ko so kake ɗalibai su koyi Turanci ta hanyar gina gidansu ɗaki-ɗaki, ban ga kamar Inform ba.

Ban goge gidan Iya na Inform ba. Na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, duk yaron da ya buga wasan sai na tambaye shi, da an bar ka ka rubuta da kanka, me za ka ce a nan? Ina rubutawa yadda ya faɗa, da lanƙwasa ko babu. Aikatau sun haura ɗari biyu, shafin farko ɗauka, ɗauki, ɗauke, ɗauko. Ƙanena zai zo hutun ƙarshen zango, mun yi alkawarin zama a kan "da". Kafin nan, Alhamis mai zuwa zan ɗauki Baba dillali a babur mu je Maigatari, ya ce akwai yadda ake lissafi in mai saye da sefa ya zo, kuma sai na ji da kunnena kafin in rubuta.